Wayar Adawiyya

Mujahid ya farka, ya tada kwamfutarsa daga nata barcin, intanet ya ƙi dawowa. Ya kashe, ya kunna, ya laluba ko'ina. Babu. Tun safe ya kulle ɗaki da sunan aiki, ya ce ko gobara ce kar a buga masa ƙofa.

Can ya tuna daga wayar matarsa Adawiyya yake jan intanet ɗin. Ya kira ta a fusace.

"Ina kinka kai wayar nan? Kin tsai da mani aiki!"

Muryar surukarsa ce ta amsa, a hankali.

"Muna asibiti nan Wurno tun hantsi. Ita ta hana a buga maka ƙofa. Namiji ta haifa. In ka ƙare aikin, ka taho."