Warin da Babu a Fim

Ranar da aka fara kai ni gidan kallo a Bunkure, fim ɗin yaƙi aka sa. Ana tashi na ruga gona wajen Kaka, mahaifin babana, wanda ya yi soja a ƙuruciyarsa. Na tarar da shi da la'asar yana sakar wa albasa ruwa.

Na ɗauki kara na yi bindiga, na gwada masa yadda jarumin ya karkashe abokan gaba rigarsa ko datti ba ta yi ba.

"Kaka, haka kuka yi?"

Bai yi dariya ba. A shekarar tumatir ya yi kwantai, manoma sun zubar da kwanduna a gefen hanya, ya ruɓe, ƙuda ya rufe shi. Iska ta kwaso warin ta kawo mana. Kaka ya ajiye fartanya, ya toshe hanci da bakin rigarsa.

"Aboki, a fim ɗin naku ka ji wari?"

Na ce a'a.

"To, wasa ka kalla. Ni ƙanena na bari a cikin irin wannan warin, ko ƙasa ban samu na rufa masa ba."

Kowa a garinmu yana noman tumatir, Kaka kaɗai bai taɓa shukawa ba har ya rasu. Yanzu idan 'ya'yana suna kallon yaƙi a waya suna tafi, ba na hana su. Tashi nake na fita, don ni ina jin warin.