Tsohon da Ya Juya wa Rana Baya

"Ni ba zan rusuna wa rana ba," in ji tsohon masuncin, ya juya tabarmarsa.

Sauran masu motsa jikin yoga sun jeru a bakin teku suna fuskantar gabas. 'Yarsa, mai dafa musu abinci, ce ta jawo shi nan. Tun da jan taru ya lalata masa baya, a kan kujera yake salla, kuma rashin sujada ya fi ciwon cinsa.

"Baba, motsa jiki ne fa, ba bauta ba."

"Haka kuka ce. Je ki duba shinkafarki kada ta ƙone."

Malamar da ke koyar da yogar ta ƙyale shi. Kullum da safe kowa na kallon rana, shi yana kallon itatuwan kwakwa, yana miƙe baya, yana tambayar zuciyarsa ko zuwan ma ya halatta. Damina ta zo ta wuce.

Wata safiya ya durƙusa, ya sunkuya, ya ƙara sunkuyawa, sai ya ji sanyin yashi a goshinsa.

"Baba, lafiya?"

Leɓensa na motsi da tasbihin sujada. A tsibirin Lombok, can gabashin duniya inda alƙibla take yamma, wanda ya ba fitowar rana baya, alƙibla yake fuskanta.