Bikon da Haris ya je Tarka

Bayan la'asar Haris ya iso Tarka daga garinsu Belbeji, bikon matarsa Radiya. Ta fito zauren mahaifinta, ta zauna can bakin tabarma, ta ƙi kallon turmin atamfar da ya ajiye.

"Ran da likitan Yamai ya yi maka bayani da Faransanci, me ka ce mini ya ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ce mahaifarki ba ta riƙe ciki."

"Ƙanwata ta mayar da ni wurinsa, ita tana jin Faransanci. Ya ce lafiyata lau. A jininka abin yake, gado ne, ba laifin kowa ba."

"Kunya na ji, Radiya."

Sai yanzu ta ɗago ido, babu ko ɗigon hawaye.

"Ɓari huɗu na yi. Ba saiwar da ban sha ba. Inna, mahaifiyarka, ta kira ni tulu mai yoyo a gaban mata, kana tsaye. Wallahi da ka gaya mini gaskiya, da na zauna da kai ko ba haihuwa."

Ya miƙo hannu, ta janye mayafinta ta miƙe.

"Koma Belbeji ka fassara wa Inna tukuna. Da Hausa, a gaban matan nan."