Farin Dutsen Gonar Sambo

Mas'ud ya juya farin dutsen a tafin hannunsa, ya sake ganin siririn zare rawaya kwance a cikinsa. Hutun Sallah ne ya kawo shi gida Morai daga Kaduna, da 'yar gudumarsa ta fasa duwatsu. Ya daɗe yana karanta labarin masu binciken ƙasa na da, amma bai taɓa riƙe ɗanyar zinariya ba sai yau, a gonar yayansa Sambo.

"To, malamin duwatsu, mi ka gani?" in ji Sambo. "Garma ta tono shi."

Mas'ud ya tuna wani ƙauye da ya taɓa ratsawa wajen Maradun. Ramuka sun cinye gonakin gero, baƙi na yawo da bindigogi, ga ƙananan kaburburan yaran da gubar dalma ta kashe. Ya san talaucin yayansa, ya kuma ji tsoron abin da talauci zai sa shi yi.

"Ba komai ba ne, Yaya. Ƙyalli ne kawai."

"Ka rantse?"

"Wallahi."

Sambo ya sauke ajiyar zuciya.

"Madalla. Wasu baƙi sun matsa in saida musu gonar. Na ce in zinariya ta, ko mi za su ba ni ban saidawa, kada su tone muna gari. Tunda banza ta, su haƙa su gaji su tafi."

Ya ciro wayarsa ya danna lambar baƙin. Mas'ud na tsaye yana jin kiran yana shiga.