Farin Soson da Sule Ya Zaɓa

Zafin kwano ya hana Huseina sakat a ɗakinta a Tsafe, ga ta da tsohon ciki. Mijinta Sule, mai sayar da hatsi, ya ɗauki Dogo kafinta suka tafi Gusau sayen allunan soso masu tauri, irin waɗanda ake jerawa a ƙarƙashin kwano don su tare zafi.

Mai shago ya nuna musu iri biyu. Ɗaya an haɗa shi da maganin da ke rage kamun wuta. Ɗayan fari fat, marar nauyi, ga araha.

"Alhaji, wanga farin bai jure wuta," in ji Dogo. "In ma shi kake so, bari in rufe shi da silin, kada a bar shi tsirara."

Sule ya yi dariya. "Soso ai soso na, Dogo. Wa ka hura wuta a rufin ɗaki?"

Sule mutum ne da zai tauna ƙwayar masara kafin ya sayi buhu, amma abin da iyalinsa za su kwana a ƙarƙashinsa bai tsaya ya bincika ba. Aka jera farin, ba silin. Ɗaki ya yi sanyi, har yana kiran maƙwabta su zo su gani.

Huseina ta haihu, mace. Kwana huɗu da haihuwar, da hantsi, mahaifiyar Huseina, Inna Indo, ta shigo da kaskon garwashi don ɗumama ɗakin mai jego, kamar yadda aka saba. Ta zuba turare, ta rataya zanin goyo a sama ya sha ƙamshi, ta fita duba ruwan wanka. Huseina na bayan gida, jaririyar kuwa na barci a ɗakin.

Zanin ya kama, harshen wuta ya taɓa soson. Kafin a kawo bokiti ɗaya, rufin duka ya ɗauka, yana narkewa yana ɗiga, baƙin hayaƙi ya toshe ƙofa. Huseina ta kutsa ciki ta fito da jaririyar, bayan uwar duk ya saluɓe. Yarinyar ba ta kai asibiti da rai ba.

Ragon da aka ɗaure don suna, da shi aka ciyar da masu zuwa gaisuwa.

Mai karatu, allunan soso ba iri ɗaya ba ne. Ka tambayi yadda kowanne yake da wuta, ka ji maganar mai sana'a, kuma kada ka bar soso a buɗe a ɗakin da ake shiga da garwashi.