Koriyar Fuska

"A sauke shi yanzu!" na ce wa yarinyar da ke gadin ɗakin nuna zane-zanen.

Ga fuskata a bango har kashi huɗu: koriya, ja, rawaya, shuɗiya. Jikana ne ya zana. Tun da maƙwabta suka gani a waya ba ni da sakat, har yara na kirana Koriya a layi.

"Iya, ki kwantar da hankalinki," in ji yarinyar. "Koren nan alamar rayuwa ce. Jan kuma ƙarfin zuciyar mace yake nunawa."

"Ke, rufe min baki! Kin taɓa ganin mai rai da koriyar fuska? Shuɗin fa, ciwon me ke nan? Ban yi boko ba, amma na san cin mutunci. Kira min shi!"

Sai ga jikan nawa da gudu, hannu duk fenti.

"Kai, mara kunya! Wa ya ba ka izinin rataye ni? Dubi bakin da ka yi min kamar na kwaɗo!"

Ya sosa ƙeya. "Tsohuwa, ai ba ke ba ce. Kakata ce ta wajen Baba."

Na matsa na ƙura ido. Wallahi ita ce, har da wushiryarta.

Nan fa raina ya ɓaci na gaske.

"Ni na goya ka, ni na wanke kashinka, amma ka rasa wadda za ka rataye a bango sai ita? Jawo min kujera. Ɗauko fentin!"