Ɗakin Kaka Tamada

Kwana tara Almustapha ya yi yana yi wa ɗaki banda, sai ka ce giwan ruwa. Hayaƙi ya mai da idonsa jajur, ya kashe ƙamshin turarensa, amma duk Gungun Tamada ba wanda ya ce masa sannu. Haka duniya take, mai hangen nesa shi ke shan hayaƙi.

Takarda ce ta zo daga Birnin Kebbi. Wata ƙungiya mai raya tsofaffin garuruwa za ta zaɓi ƙauye ɗaya a bakin tafkin Kainji, ta gyara masa matsayar jirage, ta riƙa turo masu yawon buɗe ido. Za kuma a naɗa jagoran baƙi, har da riga mai tambari. Tuni Almustapha ya gwada rigar a zuciyarsa, ta yi masa cif.

Sauran abu ɗaya: abin nunawa. Ruwan dam ya cinye tsohon gari tun kafin a haife shi, ya bar ɗan tudu da yanzu gidajen kwano suka cika. To, wanda bai gaji tarihi ba, ai sai ya gina nasa.

Ya san sabuwar ƙasa ba ta ɓuya, launinta ke tona mata asiri. Tsohuwar ƙasa ya nema, ya kuwa samu a bayan gidan Inna, jikin wani tsagaggen rumbu da ɓeraye kaɗai ke haya a ciki. Yini guda da diga ya gama da shi.

"Kai Almu, mi rumbun ga ya tare maka?" in ji Inna.

"Ci gaba ne ya zo, Inna."

"Na mai haƙar rijiya."

Daga ranar ta daina aiko masa tuwo. Ya haƙura. Su manyan mutane haka ake musu.

Ya sake kwaɓa ƙasar, ya tada ɗan ɗaki mai gajeruwar ƙofa, ya ɗora masa ruɓaɓɓiyar jinka. Cikin ɓaraguzai ya tsinci wani guntu mai zanen wutsiya ƙaya-ƙaya, ya manna a saman ƙofa don ado. Ya raɗa wa aikinsa suna Ɗakin Kaka Tamada, wanda ya kafa gari. Ya ba shi shekara ɗari biyu, da ya ƙara dubawa ya ga ya isa ɗari uku.

Ran Talata jirgi ya iso daga Yelwa. Wakiliyar ƙungiyar, Malama Hafsatu, gajeruwa ce mai tabarau, ba ta da arahar dariya. Almustapha ya tarye ta cikin babbar riga, ya karkata hula, ya shiga zuba labarin yadda Kaka ya yi kokawa da kada har ya tsinke masa wutsiya.

Ta zagaya ɗakin sau biyu. Ta ciro makulli ta kankare bango, ta murza, ta sansana.

"Kifi nake ji."

"Ranki ya daɗe, ai Kaka masunci ne."

Ta ɗiga ruwa a tafin hannu, ta sake murzawa, ta daɗe tana kallo.

"Ƙasar nan tsohuwa ce ƙwarai," ta ce. "Rabon da in ga irin wannan kwaɓi da makubar ɗorawa har na manta."

Almustapha ya waiga ya dubi 'yan garin ɗaya bayan ɗaya, musamman waɗanda ba su ce masa sannu ba.

"Sai dai ɗaki irin wannan kowane ƙauye ya nuna mana. Jiya ma mun ga wanda bai gama bushewa ba." Ta buɗe jaka ta miƙo masa wani tsohon hoto. "Wannan ne ya sa muka sa gungunku a gaba. An ɗauke shi kafin zuwan ruwa, kuma an ce duk bakin tafki shi kaɗai ya rage. Kai mu wurinsa in sa hannu, mu kama hanya."

A hoton, Inna ce tana yarinya, jingine da wani rumbu da aka zana wa kada zagaye da cikinsa, wutsiyar kadan kuwa ga ta nan manne a saman ƙofar ɗakin, dab da hular Almustapha.